Tambayar GMAT kan jerin lambobi: C ce ko A?

Ɗan_Samaru:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah masu shirin GMAT, jarrabawar shiga digiri na biyu a fannin kasuwanci, ku shigo, tun jiya muke gardama da abokina a kan wata tambaya irin wadda za a ba ka bayani biyu a ce ka faɗa ko sun isa ko ba su isa ba. Ga ta: jerin lambobi ne mai tazara ɗaya, wato abin da ake ƙarawa daga lamba zuwa ta gaba ba ya canjawa. Mece ce lamba ta 10 a jerin?
(1) Lamba ta 4 da ta 16 in an haɗa su 50 ne.
(2) Lamba ta 7 ita ce 16.
Ni na ce C, sai an haɗa duka biyun, tunda abu biyu ne ba mu sani ba, lambar farko da tazarar, kuma tun sakandare aka koya mana abu biyu sai da ikweshon biyu. In ka haɗa tazara 3 ce, ta 10 ta fito 25. Shi kuma ya kafe wai A ce, wato bayani na ɗaya shi kaɗai ya isa, amma ya kasa yi min bayanin da zai gamsar da ni.

Malam_Lissafi:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abokinka ne da gaskiya, A ce. Ka sake karanta tambayar, ba a ce ka nemo lambar farko ba, ba a ce ka nemo tazara ba, ta 10 kawai ake so. To ka duba inda 10 take, daga 4 zuwa 10 taki shida, daga 10 zuwa 16 ma taki shida, tana tsakiyarsu cif. Abin da ta 4 ta gaza da shi daidai shi ne abin da ta 16 ta ɗara da shi, in ka haɗa su sai ya kashe juna ya bar maka ta 10 sau biyu, rabin 50 kuwa 25. In harafi kake so, mu kira lambar farko a, tazara kuma d: a+3d da a+15d sun ba da 2a+18d, ka raba biyu a+9d, wadda ita ce ta 10 ɗin. Bayani na biyu shi kaɗai ba ya kai ka ko'ina, in tazara 1 ce ka samu 19, in 2 ce 22.
Dokar nan ta ikweshon biyu gaskiya ce amma sai in kowanne harafi kake nema daban, kuma masu tsara jarrabawar sun san da ita a kanmu shi ya sa suke ɗana tarkon a kan C.

Hajiya_Bilki:
Malam ya gama magana amma ni gaskiya a ɗakin jarrabawa ba na tsayawa harafi, lambobi nake gwadawa. Tun da aka canja tsari a 2023 aka mayar da irin waɗannan tambayoyin sashen Data Insights, wato na nazarin bayanai, tambaya 20 a minti 45, kusan minti biyu da ɗan kai kowacce, ga tebur ga jadawali suna jiranka. Sai in ce tazara 1: 19 da 31, tsakiya 25. Tazara sifili: duka 25 ne. Tazara -2: 37 da 13, tsakiya dai 25. Sau uku amsa ba ta motsa ba, na san akwai dalili. Kuma don Allah ƙanena kar ka manta da sifili da lamba mai ragi, mutane da sun ji jeri sai su ɗauka dole hawa yake yi, alhali yana iya sauka ko ya tsaya wuri ɗaya in dai ba a ce maka yana ƙaruwa ba.

Malam_Lissafi:
Haka ne Hajiya, sai dai gwaji yana da iyaka. Yana da ƙarfi wajen nuna bayani BAI isa ba, da ka samu amsa biyu daban shi ke nan. Wajen cewa ya isa kuwa misali uku ba hujja ba ne, gara mutum ya san dalilin. Ga ɗaya gefen tarkon: a tambaye ka lambar farko, a ce ta 3 da ta 9 sun haɗu 40, sannan ta 6 ita ce 20. Mai ƙirga ikweshon zai ce biyu ne, C. Alhali magana ɗaya aka faɗa sau biyu don 6 ce tsakiyar 3 da 9, ba abin da ya ƙaru, amsa E, wato ko an haɗa biyun ba su isa ba.

Ɗan_Samaru:
Allah ya saka da alheri Malam, Hajiya na gode. To in da ta 4 da ta 15 aka ba mu fa maimakon ta 16?

Malam_Lissafi:
A nan tsakiyar ta faɗa tsakanin ta 9 da ta 10, ba lambar da ke zaune a wurin, 2a+17d ba ya rabuwa ya ba ka a+9d, don haka na ɗaya shi kaɗai bai isa ba. Ka haɗa da a+6d=16, ikweshon biyu ne na gaske wannan karon, C ɗinka ta dawo. Tazarar 3.6 za ta fito, kar ta tsorata ka, ba wanda ya ce lambobin cikakku ne, kuma ba sai ka lissafa ta ba ma, ka zaɓi C ka wuce ta gaba.