Neman shawara: elektoron mai ƙarfi kaɗan ya ɓalle wa heliyam elektoron, ta yaya?

Ɗan Tibiri:
Assalamu alaikum ƴan uwa da malamaina. Ina shekara ta uku a fannin fizik nan Maradi, ranar Alhamis zan yi bayani gaban aji kan karon elektoron da atam ɗin da ke zabure (wato wanda ya samu ƙarin ƙarfi), musamman wanda ake kira metastabil, mai daɗewa a zabure. Ga inda na maƙale: littafi ya ce sai da 24,6 eV (elektoron-bolt, ma'aunin ƙarfin elektoron) ake ɓalle wa heliyam elektoron, amma a shafi na gaba ya ce cikin plasma (gas ɗin da wasu atam ɗinsa suka rasa elektoron), elektoron mai 5 eV ma yana iya yi. Kwana biyu ina juya abin. Don Allah a fahimtar da ni, a kuma ba ni misalin da ƴan aji za su kama.

Mushen fizik:
Wa alaikumus salam ɗana. Duka biyun gaskiya ne, atam ɗin ne ba a wuri ɗaya yake ba. Ka ɗauki rijiya mai gaba 24,6. Wani ƙato ya jawo guga har gaba 19,8, ya ɗaure igiyar a jikin itace ya tafi. Yaro ma in ya zo, gaba 4,8 kawai ta rage masa. Karo na farko ne ke ɗaga heliyam zuwa matakin 19,8 eV, na biyu ya ƙarasa. Ɗaurin igiyar shi ne duk maganar. Zaburarren atam na yau da kullum yana saki haske ya koma ƙasa cikin ƴan nanosakan (nanosakan kashi ɗaya ne cikin miliyan dubu na sakan), kafin wani elektoron ya same shi. Metastabil kuwa, dokokin kwantom (dokokin fizik na ƙananan abubuwa irin su atam) sun toshe masa hanyar sakin haske, in babu abin da ya taɓa shi yakan wuce awa biyu a can sama. Kada ka manta da kishiyar abin: wani lokaci karon na saukar da atam ɗin ne, elektoron ya kwashe ƙarfin ya fita da gudun da ya fi wanda ya shigo da shi.

Mai gyaran kuran:
Mushe ya gama magana. Ni dai ka tafi da doguwar ampul ta neyon aji, ko matacciya ce, ka ɗora bisa tebur. Amma kar ka fasa ta, akwai zaiba ciki, guba ce.

Ƴar Gidan Rumji:
Shawarar Baba mai kuran ta yi, ƙanena. Sunan neyon ne kawai, galibi argon da tururin zaiba ne a ciki. Argon metastabil na riƙe da 11,55 eV, zaiba kuwa 10,44 eV ya isa a ɓalle mata elektoron, don haka da sun yi karo sai ya zube mata ƙarfinsa. Frans Penning ne ya bayyana wannan a 1927. Sai dai ka rarrabe musu: wannan karon atam da atam ne, naka na elektoron ne. Malami zai iya kama ka a nan.

Ɗan Tibiri:
Allah ya saka da alheri, rijiyar ta zauna mini. Baba, gobe bayan la'asar zan biyo shago karɓar ampul ɗin.