Wane suna za mu ba "sonet" da Hausa?

1/ Malamai da 'yan'uwa marubuta, ku taya ni mu tsayar da magana kan waƙar nan da Turawa ke kira sonet. Na ga wasu na rubuta "ƙwar sha huɗu", ni kuwa raina bai kwanta da sunan ba.

2/ Waƙa ce mai ɗango (wato layi) 14, ba ƙari ba ragi. A tsibirin Sisili na Italiya aka faro ta a ƙarni na 13, amma Fetrarka, mawaƙin Italiya wanda ya rasu a 1374, shi ya ɗaukaka ta. Diwaninsa na da waƙoƙi 366, guda 317 irin wannan ne, akasari begen wata mai suna Laura. Ɗango 8 na farko su kawo damuwa, sai waƙar ta juya, 6 na ƙarshe su warware ko su ƙara dagula lamarin.

3/ Ɗab'i ne ya baza ta. A 1501 maɗaba'i Aldo Manuzio ya buga diwanin Fetrarka a birnin Benis na Italiya, ɗan littafi da ake riƙewa da hannu ɗaya, da haruffa a karkace kamar rubutun alƙalami. A Ingila kuwa, waƙoƙin wasu mawaƙa biyu, Wyatt da Surrey, sun daɗe suna yawo a rubuce tsakanin 'yan fada, sai a 1557 Richard Tottel ya tattara ya buga a Landan. Lokacin duk su biyun sun riga sun mutu, Surrey ma fille masa kai aka yi a 1547. Na Shekspiya guda 154 sun fito a 1609.

4/ Ga matsalar ƙwar. A wurinmu ƙwar na ƙidaya ɗangogin baiti ɗaya ne, a waƙar da kan kai baiti ɗari. A nan kuwa 14 ɗin su ne waƙar ɗungurungum. Dubi ta Shekspiya: ƙwar huɗu sau uku, kowace da nata amsa-amo, sai ƙwar biyu ta rufe. To, ɗalibin da aka ce wa "ƙwar sha huɗu" ai sai ya juya shafi neman baiti na biyu.

5/ "Gajeruwar waƙa" ta yi faɗi. Aro kuma, a ce soneti, ba laifi ba ne, ai tahamisi da tarbi'i ma arowa muka yi. Sai dai waɗannan, duk wanda ya yi karatun zaure ya san biyar da huɗu ake nufi.

6/ Ni dai na tsaya kan 'yar sha huɗu, jam'i 'yan sha huɗu. Ishiriniya ma daga adadi ta samu suna. Na san za a ce ai kamar yarinya ake nufi, gaskiya ne, don haka a ambaton farko a rubuta "waƙa 'yar sha huɗu".

7/ Saura sunan wurin da waƙar take juyawa a ɗango na 9 a tsarin Fetrarka, wanda Italiyawa ke cewa bolta. Ina cewa juyi. Malaman adabi, in akwai wanda ya fi wannan, a faɗa mu ji.