Wuƙar aljihu mai sifirin buɗewa: waɗanda suka riƙe ta su gaya mana yadda take a wajen aiki

Mai Albasa, daga Marwa:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka mallaki irin wuƙar nan ta aljihu mai naɗewa, wadda aka saka wa sifirin a cikin ƙota, ta yadda da zarar mutum ya ɗan tura ruwanta da yatsa sai ta ƙarasa buɗe kanta. Sana'ata lodin albasa ce daga Marwa ta arewacin Kamaru zuwa kasuwannin kudu, kuma aikin da nake yi da wuƙa bai wuce yankan igiya, farke bakin buhu domin duba kaya, da datse zaren ɗinki ba. Sau da yawa hannuna na hagu yana riƙe da bakin buhu ko igiyar da aka ɗaure kaya da ita a saman mota, saboda haka wuƙar da sai an sa hannu biyu kafin ta buɗe tana ɓata mini lokaci.

Ƙanena da ke karatu a ƙasar waje zai dawo gida kafin Babbar Salla, ya kuma turo mini hotunan wuƙaƙe uku na kamfanin Kershaw, wato Leek da Blur da Cryo, ya ce in zaɓi ɗaya. Abin da nake son sani daga bakin masu amfani da su shi ne: shin sifirin yana daɗewa ko yana saurin mutuwa, yaya take jure ƙurar hunturu irin tamu, kuma kaifinta yana kai mutum ina kafin ya koma kan dutsen washi? Allah ya saka da alheri.

Baban Hadiza, daga Garwa:

Wa alaikumus salam Malam. Na daɗe ina riƙe da Blur, na kuma yi amfani da Leek kafin ita, don haka zan faɗi abin da hannuna ya sani.

Ya kamata ka fara fahimtar abin da ke cikin ƙotar, domin daga nan ne amfaninta da matsalarta duka suke fitowa. Sifirin Kershaw ɗan siririn ƙarfe ne lanƙwasasshe, ƙarshensa ɗaya yana maƙale a jikin ƙota, ɗayan kuma a gindin ruwan wuƙar. Idan wuƙar tana rufe, wannan ƙarfen ne yake danne ruwan a ciki. Idan ka tura ruwan ya wuce wani mizani, sai ƙarfin ya juya ya koma tura shi waje har makulli ya kama. Kamfanin yana kiran tsarin SpeedSafe, wani maƙerin wuƙa ɗan Amurka mai suna Ken Onion ne ya ƙirƙiro shi, aka fara sayar da shi a 1998, ko da yake wani maƙerin mai suna Blackie Collins ya riga shi fito da wuƙa mai irin wannan taimako a 1995. Wasu kamfanonin kamar Benchmade da SOG da Gerber suna da nasu salon, amma manufar ɗaya ce.

Game da ukun da aka turo maka, ba zan ba ka shawarar Leek ba, duk da cewa ita ce ta fi kyan gani kuma ta fi sauƙin ɗauka. Ruwanta santimita 7.6 ne, nauyinta kusan giram 85, tana shiga aljihun riga har mutum ya manta da ita. Sai dai tsininta siriri ne ƙwarai, an yi shi ne domin aiki mai laushi irin yankan takarda da ɓare 'ya'yan itace, kuma mai aikin buhu ba zai rasa ranar da zai sa tsinin ya ɓanɓare ƙulli ko ya zaro ƙusa ba. A ranar tsinin zai karye. Ƙotarta kuma ƙarfe ce mai santsi, idan hannu ya yi gumi a zafin watan Afrilu ba ta zama daram a tafi.

Blur ta fi dacewa da kai. Ruwanta ya kai santimita 8.6, ya fi kauri, ƙotarta ta alminiyom ce da aka liƙa wa wani abu mai kaushi, wanda ke sa ta kama hannu ko da ya jiƙe. Ita da Leek duka a Tualatin ta jihar Oregon ake ƙera su, kuma wadda aka fi sani da ƙarfen 14C28N na ƙasar Suwidin take zuwa. Wannan ƙarfe ba ya tsatsa da wuri, yana ɗaukar kaifi mai kyau, kuma ba ya wahalar da mutum wajen washi. Igiyar leda ita ce abin da ta fi cin kaifi a cikin ayyukan da ka lissafa, musamman idan yashi ya shiga cikinta, amma a gwajina na kan yi yini ina yanka kafin in ji ta fara ja, kuma shafa kaɗan a kan dutse mai laushi yake mayar da ita. Abin da ba na so a jikinta biyu ne: bakin ruwan yana da ɗan lanƙwasa zuwa ciki kusa da gindi, wanda shimfiɗaɗɗen dutse ba ya kaiwa sosai, sannan kaushin ƙotar yana cin bakin aljihu sannu a hankali. Telana ya riga ya san aikinta.

Cryo kuwa a Sin ake yin ta, zanen Rick Hinderer ce, ƙarfenta 8Cr13MoV. Tana da ƙwari kuma ta fi araha, amma ruwanta bai kai na Leek tsawo ba alhali ta fi ta nauyi nesa ba kusa ba, kuma ita ma ƙotarta santsi gare ta.

Dattijon Dukawa, daga Marwa:

Salamu alaikum. Na karanta bayanin Baban Hadiza, ban kuma ga ƙarya a ciki ba, amma ɗana Mai Albasa, akwai wata tambayarka da bai amsa ba, ita ce ta mutuwar sifiri, kuma a ganina ita ce babba.

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ƙarfen da ake lanƙwasawa a sake shi kullum dole wata rana ya gaji ya karye, kuma masu kamfanin ma sun san haka, shi ya sa suke ajiye na canji domin masu wuƙaƙensu. To wanda yake Amurka ya rubuta a aiko masa, kai kuma da kake bakin kasuwar Marwa wa za ka rubuta wa? Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a wasu daga cikin waɗannan wuƙaƙe sifirin ne kaɗai yake riƙe ruwan a rufe. Idan ya karye, saurin buɗewa ba shi ne kaɗai ka rasa ba, ruwan zai riƙa lilo ya fito da kansa a cikin aljihu, sai ka zura hannu ka gamu da kaifi. An kawo mini irin wannan domin in ɗinka mata kube, mai ita ya ce ya gaji da yankewa.

Mu a sana'ar fata wuƙa muke riƙewa tun safe har yamma, kuma ban taɓa ganin baduku ya damu da saurin buɗewa ba. Tun zamanin iyayenmu Douk-Douk take yawo a ƙasashen nan, ana ƙera ta a garin Thiers na Faransa tun 1929, ba ta da komai sai ruwa da naɗaɗɗen ƙarfen ƙota da sandar da ke danne ruwan. Ga Opinel ta yankin Savoie na Faransa, wadda aka fara tun 1890, aka ƙara mata zoben kullewa a 1955. Lamba 8 ɗinta ruwanta santimita 8.5 ne, kusan daidai da Blur ɗin da ake yabo, nauyinta kuwa bai kai rabin nata ba. Masu baƙin ƙarfe a cikinsu suna tsatsa idan aka bar su da ruwan albasa, ƙotar Opinel kuma itace ce, tana kumbura da damina har ruwan ya ƙi fita, wannan duk gaskiya ne. Amma babu abin da zai lalace a jikinsu wanda maƙerin unguwa ba zai iya gyarawa ba.

Ɗan Gada, daga Kusuri:

Baba Dattijo, Allah ya ƙara girma, ina tare da kai a rabin maganar, amma ina neman izinin saɓa maka a sauran rabin. Baduku yana zaune ne a kan tabarma, wuƙarsa a buɗe take a gabansa, bai da dalilin rufe ta. Wanda yake tsaye a kan lodi, hannu ɗaya a igiya, ƙafa a kan buhun da ke motsi, halinsa daban ne, kuma Douk-Douk ba ta da makulli, ga ta da taurin buɗewa ko da hannu biyu. Ni aikina fiton kaya ne tsakanin Kusuri da Injamena, kuma wuƙa mai sifiri ta yi mini amfanin da waɗancan ba su yi ba.

Inda na ga rauninta shi ne wajen rufewa. Sifirin da ya taimake ka ka buɗe, shi ne zai yi maka gardama idan ka zo rufewa, domin sai ka ture makulli da babban yatsa sannan ka danne ruwan a kan ƙarfinsa, yatsan kuma yana kan hanyar kaifi. Sabon mai riƙe ta ya rufe da hannu biyu har sai ya saba.

Maganar ƙura kuma, mu nan muna kusa da tushenta, tunda daga kwarin Bodele na arewacin Cadi iskar hunturu take kwaso mafi yawanta. Ƙura tana shiga mahaɗar ruwa da ƙota, ta gauraya da mai ta zama laka, sai ka ga wuƙar ta buɗe rabi ta tsaya ba ta kai ga makulli ba, wanda ya fi rashin buɗewar haɗari, saboda mutum yana zaton ta kulle. Yawan mai ne yake jawo haka. Ɗigo ɗaya na man keken ɗinki ya isa, a goge abin da ya malalo, a riƙa kaɗe mahaɗar da tsohon buroshin haƙori.

Sannan ina gargaɗin masu karatu a kan na jabu. Akwai wuƙaƙe masu sifiri birjik a kan tebura a kasuwanninmu, wasu har da sunan manyan kamfanoni a jiki, ƙarfensu laushi gare shi, makullinsu kuma ba abin dogaro ba ne. Kafin ka biya, buɗe ta ka kama ruwan ta baya ka girgiza hagu da dama, sama da ƙasa; idan yana motsi, ajiye ta. Rufe ta ka duba ko ruwan ya zauna a tsakiyar ƙota ko yana gugar gefe ɗaya. Ka kuma duba makullin, ya kamata ya shiga bayan gindin ruwan sosai, ba ya tsaya a gefen baki ba. Saurin fitar ruwan ba shaida ba ne, domin sifiri mai ƙarfi yana ɓoye mummunar haɗa.

Hajiya Mai Kilishi, daga Ngaundere:

Malam Mai Albasa, tunda ka ambaci Babbar Salla, kada ka yi niyyar fiɗa ko yankan nama da ita. Yarana sun gwada da ta maigida, jini da kitse suka shige ramin sifirin inda ruwa da sabulu ba sa kaiwa, bayan kwanaki ta fara wari, sai da aka kwance ta gaba ɗaya. Aikin nama na wuƙar maƙera ne mai ruwa ɗaya da kube.

Ka kuma tuna kai matafiyi ne. Dokar makamai ta Kamaru ta watan Disamba 2016 ta sa makamai masu kaifi a cikin rukunonin da ta lissafa, kuma jami'in da ya tsayar da mota a shinge ba lallai ne ya bambanta wuƙar da ake turawa da yatsa da wadda ake danna maɓalli ta fito ba. Ko a Amurka sai a 2009 aka gyara dokarsu ta 1958 domin a raba tsakanin biyun. Idan za ka kama hanyar kudu, ka sa ta a cikin akwatin kayan aikin mota. Ka gaya wa ƙanenka ma ya saka ta a jakar da ake aunawa, domin ba a shiga jirgin sama da ita a jakar hannu.

Mai Albasa, daga Marwa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Hankalina ya karkata ga Blur, amma maganar Baba Dattijo ta tsaya mini a rai. Baban Hadiza, shin sifirin taka ya taɓa karyewa, kuma idan ya karye mutum yana iya canza shi da kansa ba tare da ya lalata wuƙar ba?

Baban Hadiza, daga Garwa:

Ya taɓa karyewa, Malam, bayan an daɗe ana aiki, kuma alamarsa ita ce wuƙar ta fara buɗewa da kasala sannan na ji wani abu yana ƙara a cikin ƙota idan na girgiza ta. Canza shi ba wuya, sai dai kusoshinta masu kan tauraro ne, irin waɗanda ake kira Torx, yawanci lamba T6 a jikin ƙota da T8 a mahaɗa, kuma masu gyaran wayar salula suna da abin kwance su. Ka shimfiɗa farin ƙyalle kafin ka fara, ka ɗauki hoton yadda tsohon yake zaune, ka kula da siraran zobban da ke gefe biyu na ruwan kada su ɓata. Ka sa ɗan giris a ramin sifirin, shi ne yake hana shi ƙara da saurin gajiya. Wajen ɗaurewa kada ka matse kusar mahaɗa da yawa, ka riƙa juya ta kaɗan kaɗan har ruwan ya daina girgiza amma yana fita ba tare da tsayawa ba.

Ka ce wa ƙanenka ya nemi sifiri biyu na canji tun yana can, ya faɗi sunan wuƙar daidai saboda na Blur da na Leek ba girmansu ɗaya ba, ya haɗo da ɗan siririn dutsen washi mai siffar sanda domin wannan lanƙwasar da na ambata. Ka kuma hana yaran mota wasa da ita, domin buɗewa da rufewa ba gaira ba dalili shi ne ya fi aikin buhu cin sifiri.