Shawarwari kan shiri mai dogon zango

A wata tattaunawa da aka yi kan shiri mai dogon zango ga masu sana'a, abin da aka fi nanatawa shi ne a raba kuɗin sana'a da na aljihu. Mai sana'a ya yanka wa kansa albashi, sauran riba ta koma cikin jari. An kawo lissafi: jarin da ke ƙaruwa da kashi 10 cikin 100 duk shekara, muddin ba a taɓa ribar ba, yakan ninka cikin shekara 7 da 'yan watanni.

Don nuna cewa riba na buƙatar haƙuri, wani ya buga misali da Amazon, kamfanin sayar da kaya ta intanet, wanda aka kafa a 1994 amma bai rufe shekara da riba ba sai 2003. Nan aka yi masa ca, kuma da gaskiyarsu. Kamfanin yana da masu zuba jari da suka jure, ƙaramin ɗan kasuwa kuwa kuɗin haya na jiransa ƙarshen wata. Sai ya fara tanadin abin da zai riƙe shi wata 3 zuwa 6 tukuna.

Batun burin ƙashin kai ba a ja shi da nisa ba: a rubuta inda ake son kaiwa nan da shekara 5, a riƙa duba takardar, a kuma sa lafiya da lokacin iyali cikin lissafin.