A taimaka kafin Laraba: gilaikobayoloji da saiteshan, yaya za a ce da Hausa?

Maman Ilham: Assalamu alaikum, malamai. Ina da shirin kimiyya a rediyo ranar Laraba da dare, yau kuma Litinin. Baƙona wani dakta ne mai bincike a fannin da ake kira gilaikobayoloji. Ya turo mini tarihinsa da Turanci: yawan maƙalolin da ya buga, yawan saiteshan ɗinsu a Google Scholar (shafin Google na rubuce-rubucen masana), da wata lamba da suke rubutawa da harafin h. Ni zan gabatar da shi da bakina a minti biyu na farko. Masu saurarona a nan Jos 'yan Terminus ne da direbobin Bauchi Road da matan aure a cikin gida. Kalmomi uku nake nema: sunan fannin, saiteshan, da wannan h ɗin. Allah ya saka da alheri.

Abban Rikkos: Wa alaikumus salam. Na biyun ai mai sauƙi ne, kafa hujja. An kafa hujja da aikinsa sau kaza. Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya san ma'anarta.

Dakta na Vom: Malam, a nan ne gizo ke saƙa. Na'urar da ke ƙirgawa ba ruwanta da dalilin da ya sa aka kawo sunan aikinka. Wanda ya dogara da kai ɗaya ne, wanda ya kawo ka don ya ƙaryata ka shi ma ɗaya ne. Akwai maƙalar Andrew Wakefield ta 1998 a mujallar Lancet, wadda ta alaƙanta rigakafin ƙyanda da lalurar otizim. Mujallar ta janye ta a 2010, amma har yanzu ana kawo ta, galibi don a nuna ɓarnarta. Ka ga idan Hajiya ta ce an kafa hujja da ita sau kaza, ta yi wa mai sauraro ƙarya ba ta sani ba. Ni dai ambato nake gani. An ambaci aikinsa sau kaza. Ba yabo, ba suka.

Abban Rikkos: Na karɓa, amma ambato ta yi sanyi. Ko sunan mutum aka kira a wurin ɗaurin aure an ambace shi.

Malama Binta: To a ƙara mata kalma: ambato a rubuce-rubucen masana. Mu a sashen Hausa muna da manazarta, wato jerin littattafan da ke ƙarshen kundi, muna kuma da madogara. Abin da ake ƙirgawa shi ne sau nawa sunan aikinka ya shiga manazartar wasu. Idan ta faɗi haka sau ɗaya a farko, daga nan sai ta ci gaba da ambato kawai.

Maman Ilham: Na rubuta. Saura h.

Dakta na Vom: Wannan kada ki wahalar da kanki, ki ce ma'aunin h, ki yi bayani. Wani masanin fiziks ne a Kalifoniya, Jorge Hirsch, ya ƙirƙiro shi a 2005. A ce mutum yana da maƙala 10. Ki jera su daga wadda aka fi ambata: 50, 18, 9, 6, 5, 4, 2, 1, 0, 0. Ta biyar tana da ambato 5, ta shida ba ta kai 6 ba. To h ɗinsa 5 ne, wato yana da maƙala 5 da kowacce ta samu ambato 5 ko fiye. Wanda ya yi maƙala ɗaya tak a duniya, ko sau 5,000 aka ambace ta, h ɗinsa 1 ne. Manomi ake nema wanda kowace damina yana cika rumbu, ba wanda ya yi dace shekara guda ba.

Maman Ilham: Misalin rumbun nan na sace shi, Dakta, ka yafe.

Baba Mai Ƙamus: Sai yanzu na ga wannan. Kun bar jaki kuna dukan taiki, domin babban aikin shi ne sunan fannin. Gilaiko daga Girkanci take, asalinta zaƙi. Bayo kuwa rai. Zaƙi da rai, a haɗe: ZAƘIRAI. Ilimin zaƙirai. Gaɓa uku, Hausa tsantsa, babu aro. Bature ya haɗa tasa, mu me ya hana mu?

Abban Rikkos: Allah gafarta Malam, wayoyin rabin mutanen nan ba su da ƙ mai ƙugiya. Za a rubuta zakirai, a ɗauka masu zikiri ake nufi.

Baba Mai Ƙamus: A rediyo za a faɗa, ba a waya ba.

Dakta na Vom: Baba, da girmamawa, matsalar ta wuce ƙugiya. Yawancin abin da fannin nan ke nazari ba shi da zaƙi ko kaɗan. Audugar rigarka sarƙar sukari ce. Ɓawon fara da muke soyawa, shi ma sarƙar wani nau'in sukari ne. Ka taɓa tauna auduga ka ji zaƙi? Abin da masu fannin suka fi damuwa da shi kuwa shi ne sarƙoƙin sukari masu rassa da ke lulluɓe da kowane tantanin jikinmu, wato ƙananan ƙwayoyin halittar da suka gina jiki, manne da furotin ko kitse, kamar riga. Da wannan rigar tantani ke gane ɗan'uwansa, a kanta kuma ƙwayar cuta ke fara sauka. Bambancin jinin A da na B sukari ɗaya ne rak a ƙarshen sarƙar, mai jinin O kuma babu wannan na ƙarshen a tasa. Karl Landsteiner ya gano rukunan jinin a 1901, amma sai bayan shekaru masu yawa aka san cewa sukari ne ya raba su.

Malama Binta: To ilimin sukarin jiki mana.

Maman Ilham: Wayyo Malama, kada ki ja mini. Ina furta sukarin jiki layukan waya za su cika da masu tambayar maganin ciwon suga.

Baba Mai Ƙamus: Kun gani ko? Sukari ma ai ba tamu ba ce, daga Larabci ta zo. Zaƙi kuwa tun kaka da kakanni.

Malama Binta: Baba, ilimin da ka sa a gaban zaƙirai fa? Shi ma Larabci ne. Ƙamus ɗin da ke cikin sunanka ma haka. Larabawan su ma aro suka yi wa sukari daga Farisa, Farisa daga Indiya. Kalma ta yi wannan doguwar tafiya, ta zauna a bakin kakanninmu, yau a ce baƙuwa ce?

Ɗan Gangare: Ni tambayata, wa ya ba mu izini? A aika wa Cibiyar Nazarin Harsunan Najeriya ta Jami'ar Bayero su yanke. Kuma a faɗi gaskiya, mu 'yan Jos da muke cewa mata na ya zo, mu ne za mu raɗa wa Hausa kalma?

Maman Ilham: Ɗan Gangare, kai ne kake cewa mata na ya zo, ni ban taɓa ba. Kuma Laraba jibi ce.

Abban Rikkos: Wannan raina kan ne ya hana mu ci gaba. A garin nan Birom da Angas da Bafulatani da Ibo duk da Hausa suke ciniki a kasuwa. Kalmar da ta rayu a Jos za ta rayu ko'ina, don kunnen da bai tashi da Hausa ba ma ya gane ta. Ta Kano sai ka je Kano.

Ɗan Gangare: To ka je Kurmi ka faɗa musu haka.

Baba Mai Ƙamus: Ba Kano ba Jos, magana ce ta ƙa'ida. Sunan Turancin ma mutum ɗaya ne ya raɗa shi, Raymond Dwek na Jami'ar Okusfod, a 1988, kuma bai jira kwamiti ba. Yau duniya duka tana faɗa. Don shi Bature ne kuka sara masa, ni kuma don ina zaune a Dilimi kuna mini dariya.

Dakta na Vom: Gaskiyarka a kan Dwek, Baba. Sai dai shi masu fannin ne suka ɗauki kalmarsa suna ta maimaitawa a maƙalolinsu har ta zauna. Ka ga mun koma kan ambato ke nan. Zaƙirai a yanzu ambatonta nawa? Kai sau biyu, mu kuma sau uku don mu ƙi ta.

Abban Rikkos: A lissafin Google Scholar duk riba ce, Baba.

Malama Binta: Ku bar tsokanar dattijo. Hajiya, wata shawara daban. Kada ki buɗe shirin da lambobi. Wanda ke tuƙa Keke a Farin Gada bai san ko ambato 2,000 da yawa ne ko kaɗan ba.

Dakta na Vom: Mu ma sai mun san fannin kafin mu sani. Lambar masanin lissafi ba a gwada ta da ta masanin likitanci, don yawan masu rubutu a fannonin ba ɗaya ba ne. Maƙalar da ta daɗe tana kan gaba a yawan ambato ita ce ta Oliver Lowry ta 1951, sama da 300,000. Ba wata cuta ya warkar a ciki ba, hanyar auna furotin ce da kowane ɗakin gwaji yake buƙata. Wanda ya ƙera mudu kullum ana kiran sunansa a kasuwa. Sannan Google Scholar da Scopus, wani shafin da shi ma ke ƙirga ambato, ba sa ba da lamba ɗaya ga mutum ɗaya, ta Google takan fi yawa don tana kwaso kundayen digiri da sauransu. Ki faɗi inda aka samo lambar.

Idan kina son masu sauraro su tsaya, ki fara da marigayi Farfesa Andrew Nok na Jami'ar Ahmadu Bello. Sammore ya yi wa aiki, cutar da tsando ke sa wa shanu, 'yar'uwar ciwon barci. Ƙwayar cutar tana da wani sinadari da ke aske wani sukari mai suna siyalik daga rigar jajayen ƙwayoyin jini. Da an aske shi, jiki sai ya ɗauke su a matsayin waɗanda suka tsufa ya kawar da su, saniya ta rame, jininta ya ƙare. Aikinsa a kan wannan sinadarin ya ba shi kyautar kimiyya ta kamfanin iskar gas na NLNG a 2009. Ya rasu a 2017 yana kwamishinan ilimi na Jihar Kaduna. Duk makiyayin da ke sauraronki ya san sammore, a nan zai gane fannin. In kina son na waje, Carolyn Bertozzi ta Jami'ar Stanford ta samu Nobel a 2022 tare da wasu biyu, ita kuma hanyar sa wa waɗannan sarƙoƙi alama a jikin tantani mai rai ta samar.

Maman Ilham: Madalla. Amma har yanzu ba ku ba ni suna ba.

Malama Binta: Daga bakin Dakta ya fito ai: ilimin rigar sukari ta tantani.

Dakta na Vom: Bai rufe komai ba, don akwai sarƙoƙin da ke cikin tantanin, akwai na majina da na ruwan gaɓoɓi. Na fi son ilimin sarƙoƙin sukari na halittu. Amma ga rediyo, rigar ta fi shiga kunne.

Baba Mai Ƙamus: Kalma biyar a wurin ɗaya. Wannan ba suna ba ne, jawabi ne. Ni ban sa hannu ba, amma Hajiya ce mai shiri.

Ɗan Gangare: Ni ma ban yarda ba sai Kano ta yi magana.

Maman Ilham: Ga abin da zan karanta: Baƙonmu masani ne a ilimin rigar sukari ta tantanin jiki, wanda ake kira gilaikobayoloji, kuma ba ciwon suga ake nufi ba. Sai sammore, sai ambato, sai rumbu. Na gode, malamai.

Maman Ilham: An yi shiri jiya, alhamdu lillahi. Ambato ta wuce lafiya, baƙon ma da kansa ya koma faɗinta. Ma'aunin h sai da na maimaita misalin rumbu sau biyu. Wani makiyayi ya kira daga wajen Bukuru, ya riƙe layi yana ta tambaya a kan sammore. Sauran masu kiran, huɗu daga cikinsu maganin ciwon suga suka nema.

Baba Mai Ƙamus: Da zaƙirai kika ce, da ko ɗaya bai kira don suga ba.

Abban Rikkos: Da sun kira neman lokacin wazifa.