Hajiyarmu ta kwanta, matar Yaya ta gaji, ya za mu yi?

Ummu_Khalil:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Hajiyarmu shekararta 74, bayan ƙaramar sallah hawan jini ya buge ta ɓarin dama ya shanye, magana ma sai ka kasa kunne sosai kake gane abin da take faɗa. Tun da aka sallamo ta daga asibiti tana gidan Yayanmu a Kano, matarsa ce ke komai, wanka, canjin famfas, ba ta abinci a baki, ga yara huɗu ga goyo. Wallahi baiwar Allahn nan ba ta taɓa yi mana ƙorafi ba amma da ka gan ta ka san ta jigata, duk ta rame. Mu biyar ne, ni ina aure a Zariya, biyu suna Abuja sai dai su turo kuɗi, autarmu tana makaranta. Na kawo maganar a ɗauko mai jinya a riƙa biyanta, Yaya ya ce abin kunya ne muna raye bare ya riƙa wanke uwarmu. To in ɗauko ta ne ko ya? Maigidana bai hana ba, amma ɗaki biyu gare mu.

Abu_Sadiq:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba Hajiya lafiya. Gaskiya Yayanku bai kyauta ba, ai matarsa ba ita aka haifa ba, jinyar nan ku ta hau 'ya'yanta maza da mata, abin da matar take yi kyautatawa ce kawai. In kunya yake ji ya tashi ya kama da hannunsa, ɗaga Hajiya da juya ta aikin ƙarfi ne, namiji ya fi dacewa. Kuma biyan mai jinya da kuɗinku ba yar da uwa ba ne, ba gidan gajiyayyu kuka ce za ku kai ta ba.

Nas_Bilki:
'Yar uwa ni ma'aikaciyar jinya ce, ki saurare ni da kyau. Kar ki kai ta Zariya yanzu in dai ta fara zuwa gashi a Kano, watannin farkon nan, uku zuwa shida, su ne lokacin da jiki ya fi saurin dawowa, in aka yi wasa da su hannun sai ya ƙage. Abin da na fi tsoro shi ne gyambon kwanciya, a riƙa juya ta duk bayan awa biyu, a duba ƙugu da mazauni da dunduniya kullum, in kuka ga wuri ya yi ja ko ya yi duhu kar a kwantar da ita ta wajen. Kar a bar ta cikin jiƙaƙƙen famfas. Abinci kuma a zaune, a tokare ta da filo, cokali kaɗan-kaɗan, in tana yawan ƙwarewa da ruwa ko kunu ku gaya wa likita, don yana iya gangarawa huhu ya zama nimoniya. Maganin hawan jini ba a dainawa don an ga sauƙi. Yanzu ki gaya min, mace ɗaya mai goyo za ta iya tashi juya mutum cikin dare kullum? Ba zai yiwu ba, ita ma kwanciya za ta yi.

Maman_Twins:
Mu da Babanmu ya kwanta zama muka yi aka raba kwana, kowa da makonsa, na nesa suka ɗauki kuɗin magani da na famfas da albashin wani dattijo ɗan unguwarmu da ke zuwa da rana. Amma fa ki sani mai jinya ba a sakar mata komai, dole wani na gida ya kasance yana gani, tsoho in bakinsa ya yi nauyi ko an yi masa ba daidai ba ba zai iya faɗa ba. Ki nemo wadda aka san asalinta, bazawara ko dattijuwa cikin dangi ma ta fi. Shi kuma Yaya kar ki tunkare shi ke kaɗai, ki haɗa shi da kawunku.

Ummu_Khalil:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Kawu yana nan Fagge, gobe in sha Allahu zan kira shi. Anti Bilki dan Allah katifar nan mai iska da ake saka wa marasa lafiya, in mun saya za a iya rage juyin dare ko dole sai an ci gaba?

Nas_Bilki:
Tana taimakawa sosai, ku saya in da hali, amma sai da wuta take aiki kuma ba ta hana juyi. A ci gaba da juya ta.