Neman shawara: Wane lokaci ya fi in kai Hajiyarmu lambun Keukenhof?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina karatu a Jamus, mahaifiyata za ta kawo mini ziyara, kuma babban burinta ta ga lambun furannin nan na ƙasar Holan, Keukenhof. Mace ce mai son shuke-shuke ƙwarai. Hutuna zai faɗo ko dai ƙarshen Maris ko farkon Mayu, amma zan iya roƙon a matsar mini. Ga shi tana fama da ciwon gwiwa. Waɗanda suka sani, don Allah ku taimaka.

Wata mazauniyar Leiden: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki roƙa a matsar miki zuwa tsakiyar Afrilu, kada ki ji nauyi. Lambun yana garin Lisse, kusa da mu, kuma kamar mako takwas kaɗai yake buɗewa a shekara, daga wajen 20 ga Maris zuwa kusan tsakiyar Mayu. A ƙarshen Maris furannin dafodil da hayasin ne ke tashe, ga ƙamshi, amma bishiyoyi ba su gama yin ganye ba, furen tulif ɗin da ake zuwa dominsa kuwa sai a rumfunan da aka rufe. Tun kaka ma'aikata ke binne irin da hannu, wajen miliyan 7, iri ne mai kama da albasa. Hawa-hawa suke jera shi a rami: mai jinkirin fitowa a can ƙasa, mai sauri a sama, wannan na yanƙwanewa wancan na buɗewa. Shi ya sa ba a rasa abin kallo, sai dai cikar kyan daga tsakiyar Afrilu take.

Wani ɗan uwa: Gaskiyar Anti ce. Abin da mutane ke mantawa shi ne, hotunan nan na layi-layin ja da rawaya har iyakar ganin ido ba cikin lambun ba ne, gonakin manoma ne da ke kewaye. Su irin suke nomawa, ba furen ba. Wajen ƙarshen Afrilu sai su bi da inji su fille kawunan furannin don abincin ya koma ƙasa, irin ya yi girma. In kuka je a Mayu, tana yiwuwa ganye zalla za ku tarar. Kuma a tsaya a bakin gona, masu ita ba sa son a tattake musu shuka.

Wata baiwar Allah: Ni dai ban ga laifin farkon Mayu ba in hutun ya ƙi matsuwa. Cikin lambun akwai tulif mai zuwa a makare, ga ɗumi da tsoho zai fi jin daɗi. Kuma shekarar da sanyi ya daɗe, komai yakan ja baya.

Mazauniyar Leiden ta ƙara: Haka ne, yanayi ne ke da ta cewa. Maganar gwiwa kuma, wurin hekta 32 ne, kada ki bar Mama ta ce za ta taka shi duka. Ki kama mata keken guragu ta intanet tun da wuri, tare da tikiti, don tikitin da rana da lokacin shiga yake. Akwai jirgin ruwa mai lantarki da ke tashi daga gindin injin niƙa mai aiki da iska da ke cikin lambun, minti 45 yana ratsa gonaki, tana zaune abinta. Ku shiga da ƙarfe 8 na safe, Litinin zuwa Laraba. Ku kauce wa hutun Ista da Asabar ɗin jerin gwanon motocin furanni daga Noordwijk zuwa Haarlem, ranar hanyoyi a rufe suke. A sa mata rigar sanyi da safa, iskar nan tana ratsa atamfa.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri, Anti, da sauran 'yan uwa. Gobe zan nemi a mayar mini da hutun mako na uku na Afrilu. Bizar da za ta samu ta Jamus za ta shigar da ita Holan?

Wani ɗan uwa: Za ta shigar, duk yankin Shengen ne, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya. Ana karɓar takardu tun wata 6 kafin tafiya, ku fara yanzu.